Ƙanwata ta ci 178 a JAMB, ga D7 a Kemistiri: ina muka dosa?

Auwalu Tela: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu sani a ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Ƙanwata ce, ni nake riƙe da karatunta tun rasuwar mahaifinmu. Bana ta gama sakandare, ta zana JAMB ta samu 178, alhali aikin jinya ta cike a BUK. Muna cikin wannan jimamin sai WAEC ta fito: komai ta ci, Turanci C5, lissafi C4, bayoloji B3, fiziks C6, amma kemistiri D7. NECO ba ta fito ba tukuna. Yau kwana huɗu ke nan yarinya ba ta fita ko tsakar gida, abinci sai Umma ta tsaya a kanta. Ƙawarta da suke zama benci ɗaya ta ci 260, kullum ana zancen a unguwa. Jiya kuma wani kwastomana ya ce ya san wani a wata jami'a, in kawo dubu ɗari uku a ba ta gurbi ko da wannan makin. Ina da kuɗin, na ɗinkin Sallah ne da na tara zan sayi keken saƙa. In bayar, ko akwai wata hanya?

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Malam Auwalu, tun kafin kowa ya ce komai, ka riƙe kuɗinka. Ni ganau ne. Shekara uku da suka wuce na ba wani dubu ɗari da tamanin saboda babban ɗana. Har takarda ya kawo mini mai tambari da sa hannu, muka yi walima a gida, aka dafa shinkafa. Ranar da yaron ya ɗauki jakarsa ya je rajista, ma'aikaciyar ta buga lambarsa a kwamfuta sau uku, ta ɗago ta ce masa, "Ɗana, wa ya ba ka wannan takardar?" A ƙofar ofishin ya zauna ya kira ni, ya kasa magana. Mutumin kuwa har yau layinsa a kashe.

Abba CBT: Gaskiyar Baba ce. Ni a cibiyar CBT nake aiki, inda ake zana JAMB a kwamfuta, kusan kowane mako sai an zo mana da irin wannan takarda. Ka riƙe ƙa'ida ɗaya: tun 2017 JAMB ta kawo tsarin CAPS na ba da gurbi ta intanet, duk gurbin da bai bayyana a shafin ɗalibi na CAPS ba, ba gurbi ba ne, ko shugaban jami'a ne ya rubuta da hannunsa. Jami'a ce ke tura suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga ya danna ya karɓa, sannan ya fitar da takardarsa. Wanda ya shiga ta bayan gida, ko ya yi shekara huɗu yana zuwa aji, ranar tafiya bautar ƙasa asiri ke tonuwa, don sunansa ba ya cikin rajistar JAMB.

Sagir Ɗan Kwari: Ni fa ban ga abin tashin hankali ba. Masu digirin ma ga su nan muna ba su jiran shago a Kantin Kwari. Ka saya mata keke ta koyi ɗinki a wajenka, Allah Ya kawo miji nagari, shi ke nan.

Anti Binta Nas: Sagir, ranar da ka kai matarka asibiti haihuwa ka tarar ba mace ko ɗaya a ɗakin, kai ne na farko da za ka fara faɗa. Daga ina kake so matan su fito in kowa ya ce a zaunar da tasa?

Sagir Ɗan Kwari: Allah Ya huci zuciyarki Anti, ra'ayi na faɗa.

Malam Sani: Auwalu, ni malami ne a wata jami'a, kuma na taɓa zama a kwamitin ɗaukar ɗalibai na sashenmu. Bari in raba maka matsalar gida biyu, don kai 178 ɗin kake kallo, ni kuwa D7 ɗin ce ta fi damuna.

Makin JAMB na shekara ɗaya ne, baɗi ya zama tarihi. Kiredit ɗin sakandare kuwa shi za ta yi ta ɗauka har ƙarshen karatunta. Duk wani kwas na lafiya sai da kiredit biyar: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri, fiziks. Kiredit daga A1 zuwa C6 ne, D7 ba ta shiga. Ko 300 ta ci a JAMB, da wannan D7 ɗin ba inda za a ɗauke ta aikin jinya. Saboda haka abu na farko shi ne a jira NECO. In ta ci kemistiri a can, ko dai ta yi amfani da NECO ɗin ita kaɗai in ta haɗa duka biyar, ko a haɗa da WAEC ya zama zama biyu. Yawancin kwasa-kwasai suna karɓar zama biyu, amma likitanci da wasu 'yan uwansa a jami'o'i da dama zama ɗaya suke so, sai a duba sharaɗin kowace makaranta. In NECO ɗin ma ba ta yi ba, akwai jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, wadda muke ce wa GCE, WAEC na yi, NECO ma na yi. Kar a bari rajistarta ta wuce ana zaman makoki.

Sai maganar 178. A taron JAMB na 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin maki na jami'o'i, 140 na kwalejojin jinya, 100 na poli da kwalejojin ilimi. Mutane suna jin 150 sai su ɗauka duk wanda ya haura ya samu. A'a. Wannan ƙasan rijiya ne kawai, kowace jami'a tana ɗora nata a kai, kowane sashe kuma yana ɗora nasa. Sashen jinya yana da adadin da hukumar kula da aikin ta yarje masa ya ɗauka, ba zai wuce shi ba, masu nema kuwa dubbai. In aka jera su daga sama, kafin a gangaro kan 178 kujeru sun daɗe da ƙarewa. Ba zan yi maka daɗin baki ba: jinya a babbar jami'ar tarayya da wannan makin, a cire rai bana.

Auwalu Tela: Na gode Malam. Maganar ta yi ɗaci amma gara da na ji ta. To amma na ji ana cewa ɗan jiha yana da nasa kaso, mu kuma 'yan Kano ne.

Malam Sani: Haka ne. A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka lasafta a matsayin waɗanda aka bari a baya a boko. Sai dai ka tuna, a cikin kason 'yan yankin ma da 'yan uwanta Kanawa da Jigawawa za ta yi takara, kuma cikinsu akwai masu 250 da 270 birjik. Kason yana taimakon wanda ya kusa kai wa, ba ya ɗauko na nesa.

Fatima Z.: Yaya Auwalu, kun sake duba WAEC ɗin kuwa? Na ji sun gyara sakamakon 2025 bayan sun gano kuskure.

Abba CBT: Sun gyara, amma takardar Turanci matsalar ta fi shafa. Duk da haka a duba, ba asara. Kuma don hankalin yarinyar ya kwanta, a faɗa mata ba ita kaɗai ba ce: cikin kusan mutum miliyan 1.9 da suka zana JAMB a 2025, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba cikin 400. Har shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito a watan Mayu yana hawaye ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura, aka sake wa kusan mutum 380,000 jarrabawa. Sai dai na Legas da jihohin kudu maso gabas abin ya shafa, ba mu nan ba.

Anti Binta Nas: Auwalu ɗana, saurare ni. Shekarata ashirin da shida ina wannan aikin, kuma ban shiga ta jami'a ba, ta makarantar jinya na shiga, digirin daga baya na yi ina da 'ya'ya uku. In har aikin take so ba sunan jami'a ba, ga kwalejojin jinya da ungozoma nan a kusan kowace jiha ta Arewa. Yanzu su ma ta JAMB ake shiga, kuma makinta ya haura 140 ɗin da Malam ya faɗa. Ba na ce banza ake samu ba, can ma cunkoso ne, kuma suna yin tasu tantancewar. Amma ƙofa ce da ba a rufe mata ba, muddin kemistirin ya gyaru. Wadda ta gama ta ci jarrabawar hukuma, lasisi ɗaya ne da na 'yar jami'a, a gado ɗaya za su tsaya kan mara lafiya.

Amma ka tambaye ta tsakani da Allah, tana iya ganin jini? Na ga yara da yawa da farin kaya ya ruɗe su. Akwai wata da aka kawo mana koyon aiki, ranar farko aka shigo da ɗan acaɓa da ƙafa a karye, ƙashi a waje. Muna juyowa muka gan ta a ƙasa, sai da muka bar mai karaya muka yi ta yi mata fifita. Ba ta sake dawowa ba, yanzu malamar lissafi ce kuma tana jin daɗin abinta.

Musbahu Funtuwa: Ni shawarata IJMB. Na ci 169 a shekarar da na fara zanawa, na tafi makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa, daga nan na samu shiga. IJMB darussa uku ake yi, kusan shekara guda, ABU Zariya ce ke kula da jarrabawar. In ka ci da kyau sai ka sayi fom ɗin DE (Direct Entry) na JAMB ka faɗa aji biyu kai tsaye. Ka ga shekarar ba ta tafi a banza ba, tare za ta gama da ƙawar tata mai 260. A Kano ma ai kwalejin share fage ta CAS tana yi.

Ummi Khadija: Musbahu, ka faɗi daɗin ka bar wuyar. IJMB ba wasa ba ce, karatun ya fi na JAMB zurfi nesa ba kusa ba. Wadda kemistirin sakandare ya ba ta wuya, ka jefa ta cikin na IJMB ba shiri? Kuma guraben DE a kwasa-kwasan lafiya 'yan kaɗan ne, sai wanda ya kusa cinye makin duka. Na san waɗanda suka yi suka ƙare a kwas ɗin da ko da 178 ɗin ma za a ba su.

Ni sake zanawa na yi. Shekarar farko 183, na yi kuka har idona ya kumbura. Babanmu ya sa ni lesin na wata bakwai, kuma abin da na gano shi ne ba karatun ne ban iya ba, kwamfutar ce. A makarantarmu ban taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ana saura mako biyu jarrabawa. Ranar jarrabawar hannuna na rawa, na ɓata kusan minti ashirin a Turanci, agogo na ta gudu a saman allo, fiziks kuwa cinke na yi ta yi. A shekara ta biyu kullum sai na yi tsofaffin tambayoyi a waya da lokaci a kaina. Na ci 251. Yanzu ina aji uku a harhaɗa magunguna. Shekara ɗaya ba komai ba ce.

Musbahu Funtuwa: Ke kin dace da gida mai tsayawa a kanki. Wasu in suka zauna shekara ɗaya, shi ke nan littafi ya yi ƙura. Namiji ya faɗa kasuwa, mace kuma masu zuwa zance su yi layi, kafin Janairu an sa rana.

Ummi Khadija: Wannan kuma gaskiya ne, ban musa ba. Amma ai ga yayanta nan tsaye.

Malam Sani: Ku duka biyun kuna da hujja. Abin da zan ƙara wa Musbahu shi ne, IJMB ba ta goge D7. Ko ta cinye makin IJMB kaf, ranar tantancewa sai an nemi kiredit ɗin kemistiri na sakandare. Sannan a kula da inda za a yi rajista, don akwai masu kafa allo a bakin titi su karɓi kuɗi alhali ba su da alaƙa da Zariya.

Akwai kuma hanyar da ba wanda ya ambata, canjin makaranta da canjin kwas. Kowa ya dage sai BUK, sai ABU, sai Ɗanfodiyo. Ga jami'o'in tarayya da aka buɗe a 2011 irin su Dutse, Dutsin-Ma da Kashere, ga na 2013 irin su Gusau, Birnin Kebbi da Gashuwa. Ga na jihohi, ta Wudil, ta Kafin Hausa, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Da 178 da kiredit cikakku ana iya samun ilimin tsirrai, ilimin dabbobi, noma, ko koyar da kimiyya a wasu daga cikinsu. Mu a sashenmu akwai shekarar da muka rufe ɗauka da kujeru a buɗe, alhali a maƙwabtanmu ana turereniya. Sai dai kar a yaudari yarinya da cewa "ki shiga kawai, in kin je aji biyu a mayar da ke jinya." Wannan zancen ya ci mutane da yawa. Yana faruwa jefi-jefi, amma kada a gina rayuwa a kansa.

Abba CBT: In za a yi canjin, a zo cibiyar da JAMB ta amince da ita, da yarinyar da kanta, don sai ta dangwala yatsa. Kuma don Allah a ɗora sakamakon sakandare a shafinta. Wannan ɗan ƙaramin abu ya hana dubban yara gurbi. Wadda ta yi rajista tana jiran sakamako, in bai hau CAPS ba, jami'a ba za ta iya tura sunanta ba ko tana so. Bara wata uwa ta zo tana kuka, ɗanta ya ci 240 ba a ba shi komai ba, har ta fara zargin an sayar da gurbinsa. Na buɗe shafinsa, wajen sakamako fayau. Ya ba wani mai kafe ya ɗora masa, shi kuma ya karɓi kuɗi ya manta. Sannan kar ta ba kowa lambar sirrinta, kuma ta riƙe layin wayar da ta yi rajista da shi kamar ranta.

Injiniya Ɗanjuma: Kullum in ana irin wannan zance sai a tsallake poli kamar ba makaranta ba. Ni a Kaduna Poli na yi difloma, na fita da sakamako mai kyau, na yi DE na shiga aji biyu. Da muka shiga ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda suka zo ta JAMB ni suke tambaya yadda ake haɗa na'ura. Akwai fannin kimiyyar ɗakin gwaji a poli, ga Kazaure, ga Nuhu Bamalli a Zariya, ga ta Kano. Hanya ce mai ɗan tsawo, amma kana tafe da takarda a hannu, ko karatu ya tsaya kana da abin nunawa.

Hajiya Mariya: In da hali a fitar da ita waje mana. Ɗiyar maƙwabciyata a Kwatano ta yi, ba JAMB ba komai.

Baban Walid: Hajiya, a yi hattara da wannan. Ba ki tuna ɗan jaridar nan Umar Audu na Daily Nigerian da ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida ba? A farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo saboda wannan rahoton, har waɗanda suka yi karatun gaskiya abin ya shafa. Sudan da muke tura yara karatun lafiya kuma tun yaƙin Afrilun 2023 kin ga yadda aka kwaso su ta kan iyakar Masar. Balle mutumin da ya ce miki kuɗin keken saƙa ne a hannunsa.

Nasiru Maraɗi: Ina biye da ku daga Maraɗi. Mu nan BAC, jarrabawar kammala sakandare, ce ke yanke hukunci, wanda ya faɗi sai ya maimaita ajin ƙarshe, kuma ba abin kunya ba ne, wani sai a karo na uku yake samu. Abin da ya ba ni mamaki a naku shi ne hanyoyin da kuka lissafo sun kai shida amma ana kuka. Ku gode wa Allah.

Auwalu Tela: Wallahi na rasa bakin godiya. Tun ɗazu nake karantawa, har na ƙona wuyan wata riga da dutsen guga. Kwastoman nan ya kira ni sau biyu, ya ce gobe za a rufe, na ce masa a rufe ɗin.

Anti Binta Nas: Madalla. Amma Auwalu, na lura da abu ɗaya. Mun kai mu goma muna ta yanka mata rayuwa, ba wanda ya ji ta bakinta. Kai ma "na ce", "zan yi" kake ta faɗa. Ka miƙa mata wayar nan ta karanta da kanta, ka fita ka ba ta wuri. Kuma a daina kiran sunan ƙawar nan a gabanta, har Umma a roƙe ta.

Auwalu Tela: In sha Allahu yau da daddare.

Auwalu Tela: Salam. Na dawo da bayani kamar yadda wasu suka nema ta akwatin saƙo, ku yi haƙuri an ɗau makonni. Na ba ta wayar a daren, ta karanta tun daga sama har ƙasa. Da safe ita ta kawo mini koko shago, abin da ta daina yi. Ta ce in tambayi Anti Binta ko ana barin ɗaliba ta zaɓi ɓangaren ungozoma, don ita tun haihuwar da yayarmu ta sha wuya a kai take son aikin, ba ruwanta da sunan jami'a. Ashe ni ne mai son a ce ƙanwata tana BUK.

NECO ta fito, kemistiri C5, alhamdu lillahi. Sai dai fiziks ta samu D7 a can, ga shi a WAEC tana da C6, don haka dole a haɗa biyun. Mun je cibiya ta dangwala yatsa, an ɗora duka biyun, an canja mata zuwa wata kwalejin jinya da ke karɓar zama biyu. Sunanta bai fito ba tukuna, an ce sai an yi tantancewa. Na cire dubu arba'in cikin kuɗin na sa ta lesin da ake koyarwa da kwamfuta, ko da ba a dace ba ta sake zanawa baɗi da shiri. Sauran na ba da kafin alƙalami na keken.

Ummi Khadija: Ka turo mini lambar Umma ta akwati, ina da tsofaffin littattafaina na kemistiri da fiziks, ƙanena zai kawo muku.

Anti Binta Nas: Ka ce mata ana yi, amma ta fara samun shiga tukuna. Ranar tantancewa ta tafi da asalin takardunta da kwafi bibbiyu, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ta kuma karya kumallo kafin ta fita, don layin yakan kai azahar.

Abba CBT: Kuma ta riƙa leƙa CAPS duk bayan kwana biyu. In ya fito kar ta tsaya shawara da dangi, akwai wa'adin karɓa.

Sagir Ɗan Kwari: To Allah Ya sa a dace. In ta samu, yadin farin kayan a wajena, kyauta.